Kati a Wuyan Huhu

Sabo, Ibadan
14 ga Agusta, 1966

Zuwa ga ƙanwata Rahamatu, a Gusau.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki Malam Abdulsalam da yara, da fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar uwargida Ashatu da ke taɓa ta duk ranar da aka yi ruwa, ruwa kuwa bana ya ƙi ɗagawa.

Gidan Baba yana nan yadda kika san shi. Ɗakunan baƙi tara duk da mutane a ciki, fatake na shiga na fita. Malam Ɗahiru, wanda ke sauka a gidan nan tun Baba na da rai, ya iso shekaranjiya, ya rataye butarsa a ƙusarsa ta kullum. Sabon goro ya kusa. Ki ci gaba da sa mini ido a kasuwarku, ki riƙa gaya mini wanda ake nema, fari ko ja, tun kafin wasu su ji.

Sai maganar da kika dame ni da ita, wai in koyi boko. Rahamatu, wata shida kika yi a ajin yaƙi da jahilci, shi ke nan ba wanda zai huta. Ni da na haura hamsin zan zauna ina a, ba, ca? Baba ya cire ni daga makarantar allo ina ɗan shekara tara ya sa ni tsince goro, kuma ban ga abin da na rasa ba. Alamu talatin da ɗaya ke cikin kaina. Kowane huhun goro ina zana masa alamar mai shi da shuni: tsani na Malam Ɗahiru, ƙafar kaza na mutanen Ƙaura, ɗigo uku naki. In na kai tasha, Akawu Anozie ya duba, ya rubuta abin da zai rubuta, ya bi huhunan yana ɗaɗɗaura musu 'yan katunansa na ado, jirgin ƙasa ya ɗauka. Shekara goma sha takwas muna haka, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Ni da ƙwaƙwalwa, shi da alƙalami. Me ya rage?

Maganar sojoji muna jin ta a rediyo kamar kowa. Allah ya kwantar da ƙasar.

Wassalam. Yayanki, Maharazu.

Malama Rahamatu, ni ne Anozie mai riƙe da alƙalami. Na rubuta duk abin da ya faɗa, har da wanda ya taɓa ni. Ki ci gaba da damun sa, ina bayanki.


Gusau
9 ga Oktoba, 1966

Yaya Maharazu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka, kai da Yaya Ashatu da mutanen gida. Jikinmu lafiya. Zuciya ce ba lafiya.

Ka ji abin da ya faru a Arewa cikin makonnin nan. Abin da aka ba ka labari, ni wani na gan shi da idona, kuma ba zan sa shi a takarda ba. Telan da ke ɗinka wa yarana kayan Sallah, mutumin Gabas, shagonsa a buɗe yake, ba kowa a ciki. Kwana biyu muka ɓoye matarsa a ɗakina kafin aka samu motar da ta fitar da ita. Ban san ko ta isa ba. Ina jin kunya, Yaya, ban kuma san wanda zan gaya wa ba in ba kai ba.

Malam Abdulsalam ya je tasha jiya. Ya ce akawunan da muka sani duk sun tafi, waɗanda aka kawo ba su san kowa ba, ba su san alamar kowa ba, takarda kawai suke bi. Ka yi hattara da kayan da za ka turo.

Ga labarin kasuwa, kada ya wuce kunnenka. Farin goro ya yi wuya ƙwarai, manyan dillalai sun ƙarar da nasu. Wanda ya fara shigo da fari kafin azumi, kasuwar bana tasa ce.

Anozie, in kai ne ke karanta wannan, ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri, ko da yake ban san amfanin haƙurin ba. Ya iyalinka? In abu ya yi zafi, gidan Babanmu gidan baƙi ne, ba a taɓa tambayar baƙo garinsu kafin a ba shi ruwa ba. Yaya, ka riƙe mutumin nan.

Taka, Rahamatu.


Sabo, Ibadan
20 ga Nuwamba, 1966

Zuwa ga Rahamatu.

Bayan sallama, muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Takardarki ta iso tun da daɗewa, rashin mai rubutu ya hana ni amsawa. Yanzu Ya'u ke karanta mini, shi ke rubuta mini, wanda ke da tebur a bakin gidan waya.

Akawun da kike tambaya ya tafi garinsu. Ban san ranar da ya tafi ba, bai bar komai a wurina ba, kuma ba wata hulɗa tsakanina da shi da ta wuce ta aiki. Kada ki ƙara sako sunansa a takarda.

Na ji maganar kasuwa. Na tara huhu sittin, yawanci fari, na baƙi bakwai, har da na Malam Ɗahiru da naki. An loda su ranar Laraba. Sabon akawu mai sauri ne, takarda ɗaya ya yi wa tarago duka, ba ya ɓata lokaci wajen ɗaure-ɗauren kati. Malam Ɗahiru ya biyo mota don ya riga kayan isa. Ku tarbe su cikin mako.

Wassalam. Maharazu.


Gusau
8 ga Janairu, 1967

Yaya,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da shan ruwa. Muna lafiya. Malam Ya'u, na san kai ke karantawa, sannu da aiki. Ka karanta masa duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Goron bai iso cikin mako ba. Wanda ya iso shi ne na Alhaji Isiyaku, maƙwabcinka mai gidan baƙi, fari tas, tarago biyu, tun kafin ma ka loda naka. Yadda aka yi ya san abin da na rubuta maka kai kaɗai, na bar wa mai karatu ya yi tunani.

Da aka yi kwana goma sha biyar shiru, Malam Abdulsalam ya bi layin dogo tasha tasha yana tambaya. A rana ta ashirin da uku ya same su. An buƙaci taragon don wani aiki, aka sauke kayan a wata ƙaramar tasha, takardar kuwa ta bi taragon ta tafi. Huhu sittin a fili, rana na dukan su. Ma'aikatan suka ce sun duba ko ɗaya ba rubutu a jikinsa, ba su san na wa ba ne balle su aika. Malam ya nuna musu tsani da ƙafar kaza, suka ce su sun ɗauka wasan yara ne. Ba laifinsu ba ne, Yaya.

A tsakar gidana aka kwance su. Ganyen ya bushe ya zama gari, goron ya yanƙwane, sankara ta cinye sauran. Malam Ɗahiru ya tsuguna ya fasa ɗaya, ya fasa biyu, ya fasa na uku, sannan ya share hannunsa ya tashi. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Amma wallahi ba goron ne ya fi ƙona mini rai ba. Layin nan ne: ba wata hulɗa da ta wuce ta aiki. Mutumin da ya zo zanen sunan 'yarka da buhun shinkafa? Mutumin da ya rubuto mini rasuwar Inna, ya zaɓi kalmomin da ba za su kashe ni ba? Shekara goma sha takwas yana riƙe maka sirri, rana ɗaya ka ce kada a ambaci sunansa. Na karanta layin sau uku ina neman yayana a ciki ban same shi ba. Baba bai bar mana gida irin wannan ba.

Rahamatu.


Sabo, Ibadan
17 ga Afrilu, 1967

Zuwa ga Rahamatu.

Bayan sallama, muna lafiya, ƙafar Ashatu da sauƙi. A gaida Malam, Allah ya saka masa wahalar da ya sha.

Na ji duk abin da kika ce. Baƙi biyar sun koma gidan Alhaji Isiyaku, don shi yana da ɗan'uwa mai ilimin boko da ke zaune masa a tasha. Malam Ɗahiru ya zo da kansa ranar Juma'a. Ya ce, "Maharazu, ba fushi na yi ba, amma ni ma goron nan na mutane ne." Ya cire butarsa daga ƙusa, ya yi wa Baba addu'a, ya tsallaka titi. Saura baƙi biyu, su ma ina ganin kunya ce ta riƙe su.

Maganar da kika yi fushi a kanta, ba ni da abin ƙarawa.

Wassalam. Maharazu.


Gusau
6 ga Agusta, 1967

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai zaman ɗar-ɗar tun da aka fara yaƙin nan. Ɗan maƙwabtanmu ya shiga soja, uwarsa ta daina cin abinci.

Na ba wani direba ƙunshi ya kawo maka. Littafin da na koyi karatu da shi ne, da allo da alli. Ya tsufa, ka yi haƙuri da man ja da ke jikinsa. In ka ga dama ka sa shi a murhu.

Daga yau na daina rubuto labarin kasuwa. Ba zan ƙara yi wa gidan wani aiki da hannuna ba. Ranar da ka iya karanta takardata da idonka, a ranar zan koma.

Rahamatu.


Gusau
24 ga Maris, 1968

Yaya Maharazu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina tambayar lafiyarka da ta Yaya Ashatu. Wata bakwai ke nan ban ga amsarka ba. Na rubuta a watan Nuwamba, ban sani ba ko ta iso.

Malam Ɗahiru ya biyo ta nan. Da ƙyar na matsi bakinsa. Ya ce ɗakunan baƙi duk a kulle suke, ya ce wani ya zo yana auna zauren da ƙafa, wai za a mai da gidan na haya. Ya kuma ce kullum bayan la'asar ana ganin ka ka nufi unguwar Mokola kai kaɗai, da wani abu a ɓoye cikin riga, har mutanen Sabo sun fara cewa ko asarar ta taɓa ka, ko kuma wurin boka kake zuwa.

Yaya, bakina ya yi kaifi a takardun baya, na sani. Har yanzu layin nan yana ci mini rai, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kai kaɗai ka rage mini. Kada ka sayar da gidan Baba ban sani ba. Ko layi ɗaya ne ka sa Ya'u ya rubuto, in san kana raye.

Ƙanwarka, Rahamatu.


Sabo, Ibadan
21 ga Yuli, 1968

Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ni ne. Ba Ya'u ba ne. Ki duba rubutun, za ki gane, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Kwana tara na yi ina rubuta wannan. Muna lafiya. Ban haukace ba, kuma ban je wurin boka ba.

Abin da ke cikin rigata littafinki ne. Na nemi aji a Sabo ban samu ba, kuma ko da akwai, da ban iya zama gaban mutanen da suka san ni ba. Sai na samu wani aji na manya a Mokola, na matan kasuwa. Mata ashirin da shida, ni kaɗai namiji, da rawanina. Suna kirana Baba Gambari, wato Baba Bahaushe. Ranar farko malamar ta ce in riƙe alli, ya karye gida uku a hannuna, suka yi dariya har wata ta faɗo daga benci. Na so in tashi. Sai na tuna ƙusar Malam Ɗahiru ba buta, na zauna. Da Yarabanci na koyi baƙaƙen, in na dawo gida in kwatanta da littafinki. Na rantse ba zan amsa miki ba sai da hannuna, shi ya sa kika ji shiru.

Yanzu ga abin da na ɗauka a ciki kusan shekara biyu.

Ƙarya na sa Ya'u ya rubuta. Na san ranar da Anozie ya tafi. Da safe wani ɗan dako ya kawo mini akwatin ƙarfe, da makulli, da ambulan a ɗaure a jikin makullin. Ya ce akawun tasha ya ce a kawo, ya juya. Na ruga tashar mota na tarar sun tashi. A lokacin Sabo ta cika da waɗanda suka gudo da waɗanda ke shirin gudu, kowa na kallon kowa. Da an ji kayan mutumin Gabas na gidana, da ko a fasa akwatin, ko a ce ina da hannu a wani abu. Duk abin da Ya'u ya ji da safe, da azahar yana bakin masallaci. To me zan sa shi ya rubuta miki? Na zaɓi ki tsane ni da a taɓa kayan.

Kin san tarbiyyar Baba. Mai gida ba ya buɗe ƙunshin baƙo, ba ya tambayar abin da ke ciki. Na ga rubutu a bayan ambulan, na ce lissafin kayansa ne, ba ruwana. Na buɗe akwatin na jefa ta ciki ban ko kalli sauran ba, na kulle, na tura ƙarƙashin gadon Ashatu inda namiji ba ya shiga.

Watan jiya gara ta shigo ɗakin. Muka jawo akwatin, na buɗe don in ga ko ta yi ɓarna. Ambulan na sama. Rahamatu, kalmar da na fara koya a Mokola sunana ne. Shi ne a jikinta. An rubuta: Ga Maigida Maharazu, a buɗe yau.

Ga abin da ke ciki, na kwafe miki:

"Maigida, na tafi ban yi maka sallama ba, don in na shigo Sabo yau zan jawo maka magana. Akwatin ajiya ce. Wannan takarda kuwa taka ce. Abu na farko, kada huhu ko ɗaya ya shiga tarago ba kati a wuyansa. Takardar tarago, tarago take bi. Kati shi ke bin huhu. Ba wanda ya sa ni, ni na ga ya kamata, don haka wanda zai gaje ni ba zai yi ba sai ka sa shi. Ga alamunka talatin da ɗaya na zana, kowace da sunan mai ita da tasharsa, ko wane ne zai iya kwafa. Abu na biyu, ka koya. Shekara goma sha takwas ina yi maka dariya a kan wannan, da na sani faɗa na yi maka. Ga sunan ƙauyenmu a ƙasa."

Shafi huɗu ne. Tsani na nan, ƙafar kaza na nan, ɗigonki uku na nan. Ya zauna ya zana su a ranar da yake gudun ransa. Makonni kafin in loda huhu sittin ɗin nan takardar na cikin gidana, ina kwana kusa da ita. Na yi kuka, Rahamatu, a gaban Ashatu, ban ji kunya ba.

Ban sayar da gidan ba. Na sayi kati da tawada. Ki koma rubuto mini labarin kasuwa, amma ki yi baƙaƙen manya-manya.

Yayanki, Maharazu.


Gusau
11 ga Agusta, 1968

Yayana,

Alhamdu lillahi. Na ga ambulan na ce wane yaro ne ya rubuto mini, na buɗe na zauna a ƙasa. Muna lafiya, yau kam har zuciya.

Ka yafe mini. Wata goma sha tara ina tuhumar ka da cin amana, ashe amanar ce ta hana ka magana. Na karanta abin da aka rubuta, ban tambayi kaina wa ke tsaye kusa da kai ba, ni da nake taƙama da karatu.

Na kai wa Malam Ɗahiru takardarka ya gani. Bai iya karantawa ba, amma ya juya ta ya juya, ya ce, "Maharazu ne ya yi wannan da hannunsa?" Na ce shi ne. Bai ce zai dawo ba, bai kuma ce ba zai dawo ba.

Ga kasuwa, na yi baƙaƙen manya yadda ka ce. Ja ake nema bana, matsakaici. Ka fara da kaɗan. Na matsu in ga kati da rubutun kaza a wuyan huhuna.

Taka har kullum, Rahamatu.


Sabo, Ibadan
3 ga Mayu, 1970

Rahamatu,

Sallama da gaisuwa gare ki da Malam da yara. Muna lafiya. Ashatu ta gode da man zafin.

Kin san ɗakuna shida sun cika, kin kuma san butar Malam Ɗahiru ta koma ƙusarta tun bara. Abin da ba ki sani ba, yanzu shi ma yana zama a zaure bayan la'asar tare da mutum huɗu, ina nuna musu baƙaƙe. Kansa ya fi nawa tauri. Na ce musu ba wanda zai ƙara loda goro daga gidan nan bai iya karanta katinsa ba, don ni ma ba zan dawwama ba.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Tun da aka ce yaƙi ya ƙare na rubuta wa Anozie sau uku, zuwa ƙauyen da ya sa a ƙasan takardarsa. Ban gaya miki ba don ban ga amsa ba.

Ranar Talata da hantsi ina zaure ina yanka kati, wata mata ta tsaya a ƙofa. Ramammiya ce ƙwarai, zanenta ya koɗe. Ta miƙo mini takarda, na duba na ga rubutuna ne. Ugochi ce, matar Anozie. Da Yarabanci muka yi magana. Ya rasu a shekara ta biyu ta yaƙin, ba harsashi ba, ciwo da rashin abinci. Cikin 'ya'yansu huɗu biyu suka rage. Ta ce wani malamin makaranta da ya taɓa zama a Arewa ne ya fassara mata takardata. Ta ce da ta ji akwatin na nan ta ɗauka ƙarya ce, don duk abin da suka bari a wasu wurare ba su samu ko cokali ba.

Na sa aka fito da shi. Ta buɗe a gabanmu. Takardun shaidar makarantar yaran ne a ciki, da takardar aikinsa, da zannuwanta biyu na aure. Ta ɗauki takardun yaran ta rungume. Ta ce da su babban zai koma makaranta, da kuma babu, sai ya fara daga farko.

Sannan ta ga shafuka huɗun nan a kan tabarmata, don kullum da su nake aiki. Ta gane hannunsa. Ta ce duk takardunsa sun ƙone, ba ta da ko layi ɗaya nasa. Ta ɗauka ta duba, ta ce Hausa ce, ba ta iya ba. Ta ce, "Baba, wa zai karanta mini?"

Na waiwaya, wallahi na waiwaya ina neman wanda zan miƙa wa, yadda na saba yi duk rayuwata. Malam Ɗahiru ya ce, "Kai take nufi, Maharazu."

Na karanta mata. A hankali, layi layi, ina mayar mata da Yarabanci. Da na zo inda ya ce da ya sani faɗa ya yi mini, ta yi dariya, ta ce haka yake, bai iya faɗa ba.

Na kwafe shafukan a wani littafi, na ba ta nasa na ainihi. Tana ɗaki na bakwai, Ashatu na kula da ita har ta yi ƙarfin komawa. Akwatin ya yi mata nauyi, don haka jirgi zai kai shi iyakar inda dogo ya gyaru. Jiya na rubuta sunanta da na ƙauyensu, na ɗaura kati a hannun akwatin, na ja igiyar sau biyu yadda Anozie ya saba yi.

Wassalam. Yayanki, Maharazu.